Tambaya kan haɗa nau'o'in inabi, da yadda gidajen gado suke riƙe gonarsu

Ɗan Gandu, Dadin Kowa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar inabi, ko ta wajen noma ko ta wajen sarrafawa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana fadama mai kimanin eka uku a ƙasan madatsar ruwa ta Dadin Kowa, kuma mu bakwai ne 'ya'yansa, maza huɗu da mata uku. Shekara biyu kafin rasuwarsa ya dasa kurangar inabi goma sha biyu a gefen gonar, iri biyu. Ɗaya manyan 'ya'ya yake yi masu zaƙi da ɓawo marar kauri, ɗayan kuma ƙanana ne, baƙaƙe wuluk, masu ƙwallo a ciki da tsami mai sa mutum ya runtse ido. Bara suka yi 'ya'ya sosai. Mai zaƙin ya ƙare a kasuwar Gombe cikin kwana biyu, amma baƙin babu wanda ya taya.

Da muka rasa yadda za mu yi da shi, sai Inna ta matse shi a kwano. Launinsa ya yi kyau ƙwarai, amma ba ya shaɗuwa saboda tsami. Ƙanwata ce ta matse ragowar mai zaƙin ta zuba a kai, sai ga abin sha wanda ban taɓa ɗanɗana irinsa a kwali ko a kwalba ba. Mun ɗura shi a gorunan roba muka ajiye a ɗaki. A rana ta uku gorunan suka kumbura, da aka buɗe ɗaya sai kumfa ta taso da wani wari, Inna ta ce a zubar da shi duka, aka zubar.

Tun daga lokacin nake karance-karance, kuma na lura cewa tsofaffin gidajen da suka gaji noman inabi a Turai, waɗanda suke yin jar giya, yawancin abin da suke sayarwa da sauƙin kuɗi haɗin iri biyu ne ko uku ko fiye. Ni Musulmi ne, ba giya nake nufin yi ba, kuma ba zan sayar wa mai yin ta ba. Ruwan inabi tsantsa nake so mu yi. Amma ina son in gane dalilin da ya sa suke haɗawa, da yadda suke iya sayar da abu mai kyau ba da tsada ba, sannan da yadda gida ɗaya yake riƙe gona shekaru ɗaruruwa, domin a yanzu haka babban wanmu yana ganin gara a raba fadamar kowa ya san nasa.

Tsohon Ma'ajin Otal, Bauchi

Ƙanena, Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Ni Kirista ne daga yankin Tafawa Ɓalewa, kuma na yi shekara goma sha takwas ina riƙe da sito a wani babban otal a Kudu, inda sayo waɗannan kwalabe da lissafinsu yake hannuna, don haka zan faɗa maka abin da na sani, kai kuma ka ɗauki abin da ya dace da addininka da gonarka.

Abin da ƙanwarka ta yi a kwano shi ne ainihin abin da gidajen nan suke yi, sai dai su sun daɗe suna yi. Kowane irin inabi yana da abin da ya iya da abin da ya kasa. Wani yana da zaƙi amma ba launi, wani yana da launi da ɗan bauri a ɓawonsa amma ba taushi a baki, wani kuma ƙamshi ne kawai nasa. A yankin Bodo na Faransa, manyan irin da ake haɗawa su ne Cabernet Sauvignon da Merlot da Cabernet Franc. Na farkon ƙananan 'ya'ya ne masu kaurin ɓawo, kamar baƙin naku, shi ne ke ba da launi da ƙarfi, Merlot kuma shi ne ke tausasa shi.

Amma akwai dalilin da ya fi ɗanɗano nauyi, kuma manomi zai fi kowa gane shi. Merlot yana riga Cabernet Sauvignon nuna, da kimanin mako biyu. Idan ruwan ƙarshen shekara ya sauko da wuri ya ɓata wanda bai gama nuna ba, an riga an girbe mai saurin. Idan kuma sanyin farkon shekara ya ƙona mai saurin toho, mai jinkirin ya tsira. Wannan ba shi da bambanci da yadda iyayenmu suke shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya: ba don sun rasa wanda suka fi so ba, sai don kada shekara ɗaya ta kwashe musu komai. A watan Fabrairun 1956 an yi wani mugun sanyi da ya kashe kurangu masu ɗimbin yawa a Bodo, kuma bayansa ne da yawa suka rage wani iri da ake kira Malbec suka ƙara Merlot. Wato haɗin da kake gani a kwalba yau, tarihin asarar da gidan ya taɓa yi ne da darasin da ya ɗauka.

Gidajen da kake tambaya a kansu, ga waɗanda na fi sani. Gidan Antinori na birnin Fulorans a Italiya suna lissafa farkon sana'arsu daga 1385, lokacin da kakansu ya shiga ƙungiyar masu wannan sana'a ta birnin, kuma yanzu suna ƙirga zuriya 26. Suna da masu tsadar gaske, amma abin da ya fi fita daga sitonmu shi ne Santa Cristina, haɗin da suka fara a 1946, wanda ƙashin bayansa inabin yankinsu ne mai suna Sangiovese. Gidan Torres na Kataloniya a Sifen an kafa shi a 1870, kuma haɗinsu mai sauƙin kuɗi, Sangre de Toro, wanda ya fito a 1954, iri biyu ne, Garnacha da Cariñena. A kudancin Faransa kuma akwai gidan Perrin, masu gonar Beaucastel, waɗanda suke noma dukan iri 13 da dokar yankin Châteauneuf-du-Pape ta amince da su, sannan suna da na talakawa mai suna La Vieille Ferme.

Sauƙin kuɗin ba sihiri ba ne. Mai tsadar ana yin sa ne da inabin tsofaffin kurangu daga mafi kyawun ɓangaren gona, a ajiye shi shekara ɗaya ko biyu a sababbin gangunan katako masu cin lita 225, waɗanda kowace ɗaya kuɗi ce mai yawa. Mai arahar kuwa ana yin sa da inabin ƙananan kurangu da wanda aka saya daga maƙwabta, a sarrafa shi a tankunan ƙarfe, a sayar da wuri, don haka jarin ba ya daɗewa a kwance. Abin da bai canza ba shi ne hannun da ya haɗa. Mutanen da suka ɗanɗana mai tsadar su ne suke zama su ɗanɗana mai arahar, kuma ba za su yarda sunan kakansu ya hau kan abin da zai kunyata su ba, tunda shi ne abin da mutane dubbai suke fara sani game da gidan. A shekarun da na yi, abin da ya sa nake sake odar waɗannan shi ne ɗanɗanon bana ba ya nisa da na bara, kuma haɗi ne yake ba su wannan damar: idan wani iri ya yi rauni a shekara, sai a rage kasonsa a ƙara na ɗan'uwansa.

Shawarata ɗaya ce. Ku matse kowane iri dabam, ku ajiye dabam, sannan ku haɗa a ƙananan kofuna da awo: kashi ɗaya da ɗaya, ɗaya da biyu, ɗaya da uku. Ku ba mutanen gida su ɗanɗana ba tare da sun san wanne ne wanne ba, kuma ku rubuta sakamakon a littafi kowace shekara.

Malamar Gona, Gombe

Ɗan'uwa, bayanin da Tsohon Ma'ajin Otal ya yi a sama ya wadatar ta ɓangaren haɗi, amma ina so in ja hankalinka cewa kalandar Turai ba za ta yi maka aiki ba. A can hunturu ne yake sa kuranga ta zubar da ganye ta yi barci, ta farka sau ɗaya a shekara. A nan ba ta barci, saboda haka aski, wato datse rassa, da ban-ruwa ne suke gaya mata lokacin da za ta yi fure. Waɗanda ya kamata ka kalla su ne manoman jihar Maharashtra a Indiya, musamman yankin Nashik, domin yanayinsu ya yi kama da namu. Suna yi wa kuranga aski sau biyu: na farko a watan Afrilu don ta fitar da sababbin rassa, na biyu a watan Oktoba bayan ɗaukewar ruwa don ta yi 'ya'ya, sai girbi ya faɗo cikin rani, wata huɗu zuwa biyar bayan askin. A gida Najeriya kuma, ƙaramar hukumar Kudan a jihar Kaduna ta yi suna da noman inabi, kuma tafiyar kwana ɗaya zuwa can za ta koya maka abin da rubutu ba zai koya maka ba. Ga kuma Kwalejin Tarayya ta koyon noman lambu a nan garinku, wadda bai kamata ka wuce ƙofarta ba tare da ka shiga ka yi tambaya ba.

Babban abokin gabarka shi ne laima. Idan 'ya'ya suka haɗu da damina, cutar fumfuna mai bin ganye za ta iya cinye gonar cikin 'yan kwanaki. Za ka fara ganin tabo rawaya kamar an ɗiga mai a saman ganyen, ƙasansa kuma fari-fari kamar gari. Tsohon maganinta, wanda har yau ake amfani da shi, haɗin sinadarin tagulla ne da farar ƙasa, kuma a Bodo ɗin nan aka gano shi a shekarun 1880. Da yake fadama ce gare ku, ka lura da inda ruwa yake kwanciya, domin saiwar inabi ba ta jure zama cikin ruwa. Ka zaɓi ɓangaren da ya fi tudu, ka ɗaga rumfar yadda iska za ta riƙa ratsawa, kuma ka yi ta da ƙarfe ko itacen da gara ba ta ci.

Kada ka raina baƙin nan. Ruwan cikin yawancin inabi, har da baƙi, kusan fari ne, launin yana cikin ɓawo, don haka wanda kasuwa ta ƙi shi ne dukiyarka idan abin sha za ka yi. Irinsa kuma yakan fi jure cuta. Ina kyautata zaton kun tsinke shi da wuri, domin inabi yana yin baƙi makonni kafin ya nuna, kuma ba ya ƙara zaƙi bayan an cire shi daga jikin uwarsa. Akwai ƙaramar na'urar auna zaƙi da ake riƙewa a hannu, ana ɗiga ruwan a kai a duba ta hasken rana. Ka jira sai ta nuna maka 18 ko sama da haka. Kafin ka faɗaɗa, ka yanki rassa daga kurangun Baba ka raini dashe da kanka, ka ƙara layi biyu ko uku kawai a shekarar farko.

Uwar Gida Mai Zoɓo, Bauchi

Ɗana, abin da ya faru da gorunanku ya faru da ni a farkon sana'ata, kuma dalilinsa sananne ne. A jikin ɓawon inabi akwai ƙwayoyin yisti waɗanda ido ba ya gani. Da zarar an matse, sai su fara cin sukarin da ke cikin ruwan, su mai da shi barasa da iska, iskar ce ta kumbura muku gora. A zafin ƙasarmu wannan aikin yana iya farawa cikin kwana ɗaya. Inna ta yi daidai da ta sa aka zubar.

Maganin wuta ce. Wani likitan haƙori a Amurka mai suna Thomas Welch shi ne ya fara yin wannan a 1869, a garin Vineland na jihar New Jersey, domin yana son cocinsu ya sami ruwan inabin da babu maye a cikinsa. Ya bi hanyar da masanin kimiyya na Faransa Louis Pasteur ya nuna, wato ɗumama abu har ƙwayoyin su mutu, sannan a rufe. Ga yadda za ku yi a gida. Ku wanke inabin, ku cire tsinkayen, ku murƙushe baƙin a tukunyar silba marar tsatsa, ban da ta dalma ko ta baƙin ƙarfe, domin tsamin yana cin su ya ɓata launi da ɗanɗano. Ku ɗora a wuta kaɗan har ya kai kamar digiri 60, ba tafasa ba, a nan ne ɓawon zai saki launinsa. Ku tace da ƙyalle mai tsabta, ku yi haɗinku, sannan ku mai da shi wuta ya kai digiri 85, ku ɗura da zafinsa a kwalaben gilashi da aka dafa, ku rufe nan take. Gorar roba ba ta ɗaukar wannan zafin. Idan bayan kwanaki kuka ga wasu 'yan ƙwayoyi kamar gishiri sun kwanta a gindin kwalba, ba lalacewa ba ce, gishirin tsamin inabin ne da kansa. In kuma za ku sa tambari ku kai shaguna, sai kun yi rajista da NAFDAC.

Almajirin Malamai, Kumo

Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa waɗanda suka amsa da alheri. Niyyarka ta guje wa giya da ƙin sayar wa mai yin ta daidai take da abin da malamai suka karantar. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a shayar ko a zubar, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu abin lura shi ne canzawar abin shan, ba ƙirga kwana kawai ba. Ka kuma bambanta ruwan inabin da bai taɓa zama giya ba da wanda aka yi giyar tukuna sannan aka zare barasar da inji, kamar wasu kwalaben da ake shigowa da su. Na biyun malamai da yawa ba su natsu da shi ba. Naka na farkon ne.

Maganar gado ita ce ta fi damuna. Rabon da Allah ya yanka ba a taɓa shi, kuma ba a tilasta wa magaji ya bar haƙƙinsa. Amma sanin kaso dabam ne da yanka ƙasa. Ana iya kiran malami ko a je gaban alƙali a fitar da kason kowa a rubuce, har da tumunin Inna, sannan waɗanda suka yarda su bar nasu a haɗe a matsayin tarayya, a riƙa raba riba gwargwadon kason, wanda yake aiki a gonar kuma a yanka masa ladan aikinsa dabam. Wanda ya ƙi, sai sauran su saye nasa a farashin da masu sani suka kimanta. Gandun da kakanninmu suka yi yakan watse ne idan mai aiki yana ganin ana cin guminsa, ko 'yan'uwa mata suna ganin an mance da su, kuma rubutu yana toshe duka biyun.

Tsohon Ma'ajin Otal, Bauchi

Malam ya taɓo abin da na bari. A yankin Bagandi na Faransa, dokar gado ta zamanin Napoleon ta sa ana raba gona tsakanin 'ya'ya, har ta kai wata shahararriyar gona mai suna Clos de Vougeot, mai kimanin hekta 50, tana hannun mutum kusan 80, wasu layuka kaɗan kawai suke da su. Mai layuka kaɗan ba shi da abin da zai haɗa, kuma ba shi da inda zai fake idan shekara ta ɓaci. Gidajen da suka daɗe, irin waɗanda na lissafa, sun mai da gonar kamfani ne, 'ya'ya suna gadon hannun jari, ƙasar kuma tana nan a dunƙule.

Ɗan Gandu, Dadin Kowa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Inna amsoshinku gaba ɗaya jiya da dare, kuma ita da kanta ta kira Yaya a waya. Bai ce ya yarda ba, amma ya ce zai zo ranar Juma'a a zauna da kawunmu, kuma ya yarda a fara fitar da kason kowa a rubuce. Ni kuma na duba kurangun da safe, na ga tabon nan mai kama da ɗigon mai a ganyen guda uku na mai zaƙin, baƙin kuwa babu ko ɗaya. Malama, shin in cire ganyen da suka kamu in ƙona kafin in yi feshi, ko in bari sai askin Oktoba?